Mushe, Mayar da Tukunyar

Ban cika sayen abu don ina bukatarsa ba. Ina saye ne don a gan shi a hannuna a ce, "Wannan fa, mene ne?" Da na ji wannan tambaya sai sanyi ya ratsa ni har ƙashi, in gyara zama, in yi gyaran murya, shi kuwa mai tambayar ya shiga uku, don ba zai tashi ba sai ya ji tarihin abin tun daga kakanninsa. Aikin koyarwa ya ƙara wa cutar ƙarfi, amma ba shi ya kawo ta ba. Tun ina yaro a Kalfu aka san ni da ita. A ɗakina na Tawa akwai fitila mai shan hasken rana da rediyo a gindinta, akwai wata roba mai tace ruwa, akwai agogon da ke ƙirga takun mutum. Kowanne ya yi zamaninsa a fada, ya sha tambaya, da tambayar ta ƙafe na tura shi ƙarƙashin gado.

Murhun da zan ba da labarinsa ya fi su duka yi wa wannan hali nawa kiwo, domin shi har gardama yake jawowa, kuma mai son bayani ba abin da ke sa shi ƙiba irin gardama.

Wani abokina ɗan bida, cikin Adarawan nan da ke shekara a Abijan su leƙo gida da damina, shi na yi wa saƙo bayan na ga hoton murhun a waya. Ya kawo, ya miƙo mini, bai ko tambayi amfaninsa ba, abin da ya ɗan sosa mini rai. Kuɗin da na tura masa, har yau maiɗakina ba ta san adadinsu na gaskiya ba. Farin ƙarfe ne mai ƙyalli, gunduwa-gunduwa masu shigewa cikin juna. Idan an naɗe shi yakan shiga ƴar jaka, idan an harhaɗa shi tsayinsa ya ɗan haura taƙi. Bangonsa biyu ne da ɗan sarari a tsakani. Gindinsa huje yake kewaye, a ciki akwai ƴar rariya da itace ke zama a kanta toka na zuba ƙasa, can kusa da baki kuma, ta ciki, wani jerin ƙananan huji ya zagaye shi. Turawa masu kwanan daji don nishaɗi aka ƙera wa shi, mutanen da ke dafa ruwan kofi da taliyar mutum ɗaya ko biyu a gindin dutse. Wannan ɓangaren na bayani nakan tsallake shi.

Sauran kuwa na haddace, kuma tunda mai karatu ya shigo hannu, shi ma sai ya ji. Hayaƙi, in ji Mushe, wato ni, mai ne da ya gudu bai ƙone ba. Itace idan zafi ya kai masa wajen digiri 300 yakan saki gas da tururin kwalta, su ne ke kamawa su ba da harshen wuta. Wanda bai sami isasshiyar iska da zafi ba shi ke tashi ya shiga idon mai girki, ya baƙanta rufin madafa. Dabarar wannan murhu ita ce a tare mai gudun a bakin ƙofa. Ana cika shi da gutsattsarin busasshen itace, a kunna daga sama, wutar ta riƙa ci tana gangarawa a hankali. Gas ɗin da ke fita daga ƙasa ya ratso garwashi ya hauro, iskar da ta shiga ta gindi kuma ta bi tsakanin bangon nan biyu ta yi zafi, ta fito ta ƙananan hujin sama, su gamu a nan su kama. In an gama, abin da ya rage a ciki gawayi ne mai kyau, wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin itacen da aka zuba.

Da a nan nake tsayawa da da sauƙi. Ina! Sai na kai mutum Turai ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da fetur ya yi ƙamfa har motoci wajen miliyan guda suka koma tafiya da gas ɗin itace, kowace da tankin ƙona icce goye a bayanta, da yawa ƙirar wani injiniyan Faransa, Georges Imbert. In ɗauko shi in kai Amurka wurin Thomas Reed, masanin da a 1985 tunanin kunna murhun girki daga sama ya zo masa. In tsallaka da shi Norwe wurin Paal Wendelbo, wanda ya ga yadda masu yaƙin sunƙuru da sojan Jamus ke hura wuta ta sama a cikin daji don kada hayaƙi ya tona musu asiri, daga baya ya mayar da dabarar murhu a sansanonin ƴan gudun hijira na arewacin Yuganda cikin shekarun 1990. Sunayen nan nakan faɗe su da wani lanƙwasa harshe, mai sauraro ya ɗauka aji ɗaya muka yi da su.

Ina da mayafi mai kyau da nake lulluɓe halin da shi: wai daji nake ji wa. Kuma a Adar mayafin nan yana da kauri, don ba mai cewa ƙarya ne. Wanda duk ya bi hanya daga Tawa ya yi gabas zuwa Kalfu ya ga faƙo da tsakuwa, ya ga amalanken jakai suna shiga gari da itacen da ke ta sirancewa shekara bayan shekara. Bayan farin 1973 da na 1984 mutanen yankin nan sun yi aikin da ba da baki ake yin sa ba. A kwarin Magiya tun 1975 aka fara jera layukan dogon yaro don tare iska. A Keita, daga 1984, da kuɗin Italiya da kulawar FAO, aka yi ta jera duwatsu da gina ramuka a jikin tuddai ana dasa miliyoyin itatuwa, kuma yawancin masu ɗaukar dutsen mata ne, mazan sun tafi bida. An kawo murhun ƙarfe Mai Sauƙi, maƙera suka koyi ƙera shi. Da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011, tukunyar gas mai kilo 6 ta shiga gidajen Tawa da dama, har da nawa. To, mutumin da ke da gas a madafa, bai kuma taɓa dasa ko bedi ɗaya ba sai ranar 3 ga Agusta in da mai ɗaukar hoto, me ya kai shi sayen murhun tsinke? Allah ya rufa mini asiri, a fada ba wanda ya taɓa bi ta nan.

Wata kaka aka gama yankan gero a gonar Kawu, aka ɗaure dammuna, ba a kai ga kwashe su zuwa rumbu ba, ga makiyaya sun fara gangarowa daga arewa tun ba a saki gonaki ba. A irin wannan lokaci dole a kwana gona. Ina hutu a gida, na ce da ni za a kwana. Akwai taubashina, babban ɗan Kawu, da ƴan ƙwadago biyu da suka wuni suna ɗauri, da wani jikan Kawu, yaro marar yawan magana. Al'ada ita ce Inna ta aiko da tuwo kafin magariba. Ni, da bakina, na aika mata cewa ta huta, yau girkin nawa ne. Shinkafa da wake na ɗauko, da mai da yaji da albasa. Kanwa kuwa, wadda ko ƴar shekara bakwai ta san wake na so, ta kwana a Kalfu.

Gona cike take da kara, ga wani busasshen reshen aduwa da ɗaya daga cikin ƴan ƙwadagon ya jawo. Na ce a ajiye. Murhuna ba ya cin irin wannan. Na sa mutanen da bayansu ke ciwo suka bazu cikin magariba suna tsintar busassun rassan sabara da geza, suka zauna suna kakkarya su tsawon yatsa. Ni kuma ina zaune ina tantancewa: wannan ya yi kauri, wannan da sauran ɗanye a jikinsa, wannan ya yi tsawo zai toshe huji. Taubashina ya sa aka matsa nesa da dammuna, aka share ƙasa, ya ce ba zai bari karatun boko ya ƙone wa tsoho abincin shekara ba. A wannan dai ya fi ni hankali, ban kuma gaya masa ba.

Na cika murhu, na ɗora ɗan busasshen haki a sama, na ƙyasta ashana.

"Kai bawana," in ji shi, "wuta daga bisa? Wa ya taɓa ganin haka? Karatu ya yi maka yawa."

Gardamar da nake jira ke nan tun daga Tawa. Ina cikin amsa masa iskar gabas ta hure wutar. Na sake ƙyastawa, ta sake hurewa. Sai da yaron nan ya tsaya riƙe da tabarma ta gefen iska sannan ta kama.

A nan ne abin ya ɓaci, kuma ba ta inda mai karatu ke zato ba: murhun ya yi aiki. Ɗan hayaƙi ya tashi na ɗan lokaci ya ɗauke, sai ga harsunan wuta suna fitowa ɗaya-ɗaya daga ƙananan hujin nan, shuɗi a gindi ja a kai, suna lanƙwasowa su haɗu a tsakiya kamar ana yi wa amarya kitso. Ba tartsatsi, ba ƙauri, sai wani ɗan huci. Kowa ya yi shiru. Babban cikin ƴan ƙwadagon ya matso, ya sunkuya, ya shaƙi iskar saman wutar, ya ce, "Ikon Allah. Mushe, ina hayaƙin ya tahi?"

Da ya san abin da ya jawo wa cikinsa da bai tambaya ba. Na riga na ɗora tukunya, ruwa da wake a ciki, amma tukunya tana rufe wutar, kuma ba a bayanin abin da ba a gani. Na sa gefen riga na sauke ta. Na nuna masa hujin da tsinke, na bi da shi ta tsakanin bango biyu, na mayar da tukunya. Ruwa ya fara ɗan kuka ke nan sai ga maƙwabcin gona ya iso da cocila, ya yi sallama, ya ce mi ake kallo. Na sauke. Bayansa wani yaron makiyaya ya tsaya daga nesa, jingine da sanda, bai ce komai ba, amma ni na ga tambaya a tsayuwarsa. Na yafuto shi, na sauke.

"Mushe, mayar da tukunyar," in ji taubashina. Ya faɗa da wasa, ya faɗa da roƙo, daga baya ya faɗa da wata murya da ban taɓa jin sa da ita ba.

Cikin ƙaramin murhu irin wannan ba ya wuce wajen minti ashirin yana ci. Na san haka, yana cikin haddata. Ina tsakiyar Yaƙin Duniya, na kai daidai kan motocin Imbert, harsunan nan suka gajarce suka ɗauke, ya rage jan garwashi. Maimakon in juye in sake cikawa yadda ƙa'ida ta ce, sai na dumbuzo tsinke na danna a kai don kada a ga gazawa. Duk gas ɗin da na yi ta yabo ya taso bai sami wutar da za ta cinye shi ba. Ban taɓa shaƙar hayaƙi mai kauri da yaji irin wannan ba, fari mai ratsin rawaya, ya turnuƙe mu har yaron makiyaya ya ja da baya. Ina tari, hawaye na zuba, amma ban fasa ba: na yi musu bayanin dalilin hayaƙin.

Aka juye, aka sake karya tsinke, aka sake kunnawa. Wake yana nan yadda uwarsa ta haife shi. Can na waiga, sai na ga yaron nan ya ajiye tabarma, ya jera duwatsu uku a bayan wata sabara, ya cusa kara da reshen aduwar da na ƙi, wuta na ci. Taubashina ya zo ya ɗauke tukunya daga gabana bai ce uffan ba. Na bi shi da jawabi a kan ɓarnar itace. Dare ya raba kafin mu ci, waken da ɗan ƙarfinsa, kuma don a cika shaida, ni na fi kowa zurfafa hannu.

Abin da ya ceci sunan murhun a daren nan gawayin da aka juye ne. Taubashina ya kwashe shi ya zuba a murhun waya na shayi, ya ɗora buta. Ƙanana ne, bai ɗaya, sun kama nan da nan, suka kai mu har kofi na uku. Ya ce, "To, wanga abu na shayi ne, ba na mutane masu iyali ba." Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce gaskiyar da nake tsallakewa. Ga matafiyi shi kaɗai, ko direban da mota ta lalace masa tsakanin Tabalak da Abalak, ko mai tsaron garka, murhun nan abin arziki ne: tsinke cikin hannu biyu ya tafasa ruwa ya dafa taliya, ba a sare ko reshe ba, ba a bar wuta a ƙasa ba. Amma yana son busasshen itace, yana tsoron iska, yana baƙanta gindin tukunya, kuma a daren sanyi ba ya ɗumama kowa, don duk zafinsa sama yake turawa. Wutar da ba a kewaye ta a miƙa mata tafin hannu, rabin aikinta ta yi a daji.

Da hantsi Inna ta iso da ƙwaryar fura. Labari ya riga ta ji, ban san ta bakin wa ba. Na gaishe ta, na harhaɗa murhu a gabanta da sauran ƙarfin hali. Ta ɗauka ta jujjuya, ta leƙa ciki, ta ƙwanƙwasa shi da farce.

"Ɗana, tukunyata ta tuwo ta hau bisa wanga?"

Na ce ba a nan take ba, Inna. Na gaya mata Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na kashe mutum wajen miliyan 3 kowace shekara. Ta ce ba sai an ƙirga mata ba, idonta da ƙirjinta sun sani tun kafin a haife ni. Sannan ta jero nata tambayoyin, irin waɗanda ba su da daɗin amsawa. Idan ta sa muciya ta fara tuƙi, wa zai riƙe mata wannan ɗan abu kada ya kife? Idan ruɗe ya yi kauri tana son rage wuta, ina ƙofar da za ta janye icce? Idan wuta ta ƙare tuwo bai nuna ba, sauke tukunyar mutum goma sha za ta yi ta juye garwashi ta sake hurawa? Tsinken kuma wa zai zauna ya kakkarya mata, ita da ke da daka da ɗiban ruwa? Duk karatun da na yi a kan dalilin da ya sa murhunan zamani da yawa ke ƙarewa a bayan ɗaki, ta tattara shi tana tsaye, ƙwarya a hannu. A ƙarshe ta ce hayaƙin da yake cinyewa kam abin so ne, in da za a yi babba, mai gindin zama, mai ƙofa a gefe, za ta gwada. Ta miƙo mini ludayi.

Wani zai ce nan ya kamata in warke. Ashe cutar ba ta ma nuna tsawonta ba tukuna.

Na koma Tawa, da na sake zuwa Kalfu sai na tarar yaron nan marar magana ya yi nasa. Gwangwanin tumatir babba da ƙarami ya samo, ya sa ƙusa da dutse ya huhhuda su, ya cusa ɗaya cikin ɗaya, ya lanƙwasa waya ta ɗora buta. Kuma yana ci. Harsunan nan suna fitowa, ba su kai nawa tsari ba, amma suna fitowa. Samarin unguwa sun kewaye shi a ƙofar gida, wani na cewa a yi masa, wani na tambayar ko ɓawon goruba zai yi. Shi suke tambaya. Ni ina tsaye da jakata a kafaɗa, murhun Abijan na ciki, ba wanda ya waigo. Bayaninsa duka bai wuce numfashi ɗaya ba: a cika, a kunna bisa, a bar shi.

Mutumin da daji yake ji wa da gaske, ranar nan ya kamata ya raba goro. Ga dabara ta fita daga jakar malamin makaranta ta shiga hannun yara, ba dala ko ɗaya. Ni abin da na ji a ƙirjina kishi ne, tsantsarsa, irin wanda ba a faɗa wa mutane. Na tsuguna na karɓi gwangwanin, na ce hujin sama sun yi girma, na ƙasa sun yi kaɗan, kuma gwangwani ba ya jure wuta, ba da daɗewa ba zai cinye. Na ƙara da cewa a fara ƙone fentin jikinsa a fili kafin a ɗora abin ci, wanda shi kam gaskiya ne, sai dai ba don lafiyarsu na faɗa ba. Yaron ya ce, "To, Baba," ya karɓi abinsa ya ci gaba. Ya cinye ɗin kuwa, kamar yadda na ce, ya kuma ƙera wani da yammacin ranar.

Don in ƙwato martabata na yanke shawarar yin babban da Inna ta ce, mai gindin zama da ƙofa a gefe. Na ɗauki murhu da zanen da na ɓata dare ina yi, na tafi wurin masu ƙira da tsohuwar langa a Tawa, inda ake buga bokiti da kasko da akwatin ƙarfe. Na zaɓi wani dattijo da na ga alamar haƙuri a fuskarsa. A hanya na tsara jawabin, daga ina zan fara, a ina zan dakata ya yi mamaki.

Ya karɓa, ya warware shi gunduwa-gunduwa ba tare da na nuna masa ba, ya ɗaga bangon ciki ya hango rana ta cikin hujin, ya auna da zare, ya ninka zaren sau uku. Zanena ya dube shi sau ɗaya ya danne da guduma don kada iska ta ɗauka. Ya faɗi kuɗi, ya ce in dawo ranar Alhamis. Na jira. Ya jawo wani falle ya fara shata shi da ƙusa.

Na yi gyaran murya na ce, "Baba, ka san a shekarar 1985 wani masani a Amurka..."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Malam, ɗan gusa gefe, ka tare mini haske."